Hukuncin Tashi Yin Sallah Idan Iska Tana Girgiza Jirgin Sama

Tambaya: Lokacin sallah ya yi ina cikin jirgin sama, an kuma kunna alamar ɗaura bel saboda girgiza. Shin zan tashi in yi sallah a tsaye?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah.

Kada ka tashi, ɗan'uwa. Girgiza takan zo ba zato, jirgi ya yi ƙasa farat ɗaya, wanda bai ɗaura bel ba kansa ya bugi rufi, ya karya wuya ko ƙashin baya. Ranar 21 ga Mayu, 2024, girgiza ta afka wa jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan: mutum ɗaya ya rasu, da dama suka jikkata.

Tsayuwa a farilla wajibi ce ga mai iko. Wanda ya kasa sai ya zauna, kamar yadda hadisin Imrana bin Husaini a Bukhari ya nuna. Idan za ku sauka kafin lokaci ya fita, ka jinkirta. In ba haka ba, ka yi ta a kujerarka da bel a ɗaure, kana nuni, sujada ta fi ruku'u ƙasa.

Ɗaura bel riƙo ne da sababi, ba ya kore tawakkali.

Allah ne Mafi sani.