Daga Fagen Fama zuwa Ƙofar Fada: Tarihin Kayan Hawa a Haɗejiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Haɗejiya ranar hawan salla ya san lokacin da 'yan kallo ke yin tsit. Mahaya su sako dawakai a guje, riguna su cika da iska, sai a ja linzami a gaban Sarki, ƙura ta tashi, a ɗaga hannu a yi jinjina. Yaro na ganin kwalliya ce kawai. Amma kusan duk abin da ke jikin mahayin nan da dokinsa, daga rawani har jalala, ya samo siffarsa ne a ƙarni na 19, zamanin da hawa ba wasa ba ne.

Sarki Sambo, wanda ya kafa daular Fulani a cikin birnin tun wajen 1808, ya gaji ƙasa mai albarka. Kogin Haɗejiya kan yi ambaliya ya bar fadama mai dausayi, tudu kuma ya ba da gero da auduga da baba. Ga ta a tsakanin Kano da Barno, fatake na ratsa ta gabas da yamma. Riga a wancan zamani aikin hannaye da yawa ce. Mata su gurje auduga, su shiɓe, su kaɗa da mazari. Masaƙi ya mayar da zaren sawaye 'yan siri-siri, maɗinki ya harhaɗa su. Marini ya tsoma a karofi, mabugi ya buga da shuni har ta riƙa walƙiya. Wannan ita ce ƙore. Ana kuma yin saƙi, da tsamiya wadda ake samun zarenta daga gidan wata tsutsa. Daga nan malami ya zana aska biyu ko aska takwas a ƙirji, mai allura ya kwashe watanni yana bi.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851 ya kuma bi ta Gumel zuwa Kukawa. Ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Ayarin da ke tafiya da turkudin Kura shi ke dawowa da alkyabba da jan alharini, wanda asalinsa ragowar siliki ne na masaƙun Turai.

Tufa a fada mulki ce, harshenmu ma shaida ne. Ba a cewa an ba mutum sarauta sai an naɗa shi, in kuma za a raba shi da ita sai a ce an tuɓe shi. Haka Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya yi wa Buhari ɗan Sambo a 1850: ya aiko Waziri ya tuɓe shi, aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. Buhari bai tuɓu ba. Ya komo a 1851 ya ƙwace garin, ya tarwatsa rundunar da aka haɗo masa a Gamon Kafur, ya ci gaba da mulki ba da iznin Sakkwato ba har ya gamu da ajalinsa a yaƙin Bade, a Gogaram, cikin 1863.

Ƙarfin irin wannan runduna yana ga doki, kariyar doki kuwa lifidi. Ana ɗinka shi ninki biyu a cusa audugar rimi, a lulluɓe doki da mahayinsa don kibiya mai dafi ta maƙale kafin ta kai fata. Wani ya sa sulke a ƙarƙashin riga, ya ɗora kwalkwali mai gashin jimina. Sai dai lifidi na da lagonsa: yana da nauyi, ga zafi, audugar rimi kuma ba ta shiri da wuta. Maharba sun gane haka, shi ya sa suke harbo kibiya da wuta a bakinta.

A waɗannan shekaru ma, can a birnin Paris na Faransa, wata tufar nuni, wadda ita ma ba ta shiri da wuta, ta yi tashe. A 1832 Marie Taglioni ta fito a rawar bale mai suna La Sylphide sanye da farin siket shara-shara da ya sauko ƙasa da gwiwa, tana taka rawa a kan tsinin yatsu kamar aljana. Matan gari suka ɗauki yayin fararen kaya marasa nauyi. Fitilun gas ne ke haska dandalin, su ne kuma suka lashi siket ɗin wata 'yar rawa, Emma Livry, a 1862, bayan ta ƙi sa wanda aka jiƙa da maganin wuta domin yana taurara yadi. Ta rasu a 1863, shekarar da Buhari ya faɗi, tana da shekara 20. Har yau ragowar ƙonannen kayanta na ajiye a gidan tarihin gidan rawar bale na Paris.

Zamanin lifidi ya ƙare ranar 25 ga Afrilu, 1906, lokacin da sojojin Ingila suka afka wa Haɗejiya da igwa da bindiga mai ruwa. Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, ya faɗi tare da manyan fadawansa, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Abin da ke tare kibiya bai tare harsashi ba. Daga nan kayan yaƙi suka koma kayan salla, sukuwar da ake yi a kan abokan gaba ta zama jahi.

Masaƙi shi ma bai tsira ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya layin Nguru ya ratsa ta Malam Madori, akoko da atamfa suka cika kasuwanni da araha. Yau shaddar waje da aikin keke sun mamaye filin hawa. Mai son ganin ƙore ko tsamiya ta ainihi sai ya nufi Gidan Makama a Kano, ko gidan tarihin Ingila da ke Landan, ko kuma ya roƙi wani dattijo ya buɗe masa adaka.

Waɗannan adakoki su ne abin ji, domin gara da ruwan ambaliya ba su san tarihi ba. Ya kamata masarauta da Gwamnatin Jihar Jigawa su bi gidajen sarauta su tattaro tsofaffin riguna da lifida da sulkuna, a rubuta sunan kowanne da na mai shi tun masu sani suna raye, a kuma zaunar da yara a gaban sauran masaƙa da marinan da suka rage. Faransawa sun adana tsumman da wuta ta ci. Mu da ke da riga sukutum ba mu da hujjar barin ta ruɓe, don zanen aro ba ya rufe katara.