Sauro da Rumbu: Tarihin Mutuwar Yara a Ƙasar Jega

A ƙasar Hausa akwai waɗansu sunaye da ba a raɗa wa yaro su don daɗi. Idan aka ji ana kiran mutum Ajuji, ko Ayashe, ko Barmani, to, ba sai an tambaya ba, an san uwarsa ta binne 'ya'ya kafin ta same shi. Irin wannan yaro shi ake ce wa ɗan wabi. Akan yi kamar ba a damu da shi ba, wai ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Yawan masu waɗannan sunaye a ƙauyuka, tun daga Gumbin Kure ta ƙasar Maiyama har Aliero, shi ne littafin ƙidayar mutanen dā.

Ƙasar nan kuwa ba matalauciya ba ce. An kafa Jega wajen 1820 a bakin Gulbin Zamfara, a hannun Buhari ɗan Abdussalami, kasuwarta kuma ta shahara har fatake na zuwa mata daga nesa. Aliero ta yi suna wajen albasa da masu ɗori. Fadamu suna ba da shinkafa da kifi. Amma fa ruwan nan da ke ciyad da mutane, shi ne kuma gidan sauro.

Wanda duk ya lura da yadda shekara ke juyawa a ƙauye zai gane inda masifar take. Kuɗi a rani suke shigowa, lokacin da aka sayad da amfanin gona da albasa. Ciwo kuwa da damina yake zuwa. A watan Agusta da Satumba rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai isa gida ba, ɗan abin da ke hannun maigida ya tafi wajen taki da 'yan ƙwadago, hanya ta yanke, sauro ya yi yawa. Yaron da aka yaye a wannan tsakani, aka bar shi da koko tsararo, shi ne wanda ya fi shiga hatsari. Zazzaɓi ya kama shi ya shanye masa jini, zawo ya biyo baya, in kuwa baƙon dauro ya ratso unguwa, sai ya tarad da jiki wanda ba shi da sauran ƙarfi. Uwa tana gani, amma ba ta fita sai da izini, izini kuma ba shi da amfani in babu kuɗin mota. Kwana biyu na jira sun isa. Sai a ce kwana ya ƙare, alhali rabin dalilin yana cikin rumbu.

A 1954 Gwamnatin Jihar Arewa, tare da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fara wani babban gwaji a yammacin Lardin Sakkwato, watau Birnin Kebbi da kewayenta. Shugaban aikin yaƙi da zazzaɓi na Nijeriya a lokacin shi ne Likita Bruce-Chwatt. Ma'aikata suka riƙa bi ɗaki ɗaki suna fesa magani a bango da jinka, a wani yanki DDT, a wani yanki kuma wani mai suna dildirin. Da fari sauro ya ragu ƙwarai. Amma a 1955, a garin Ambursa, sai aka tarad da sauron da dildirin ba ya kashewa. Labarin ya bazu duniya, har sunan Ambursa ya shiga littattafan masana ƙwari a Ingila. Ban da wannan kuma, mutane sukan yi sabon yaɓe su rufe maganin, sukan kwana waje da zafi, makiyaya kuwa ba su zama wuri ɗaya. An shirya wa sauro, ba a shirya wa zaman mutane ba. A 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauka daga niyyarta ta kawad da zazzaɓi gaba ɗaya. Gwajin da aka sake yi a Garki ta ƙasar Kano daga 1969 zuwa 1976 ya nuna feshi da raba ƙwaya suna rage mutuwar jarirai, amma ba su yanke ciwon.

An yi Jihar Kebbi a 1991, aka buɗe jami'a a Aliero a 2006, aka ƙaddamad da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015. Duk da haka, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya fito da lissafi mai ta da hankali. A shekaru goman da suka gabaci binciken, cikin yara 1,000 da aka haifa a Kebbi, 252 ba su kai shekara biyar ba, watau ɗaya cikin huɗu. Babu jihar da ta kai haka. A Ogun 30 ne kurum. Binciken ya nuna kuma, a ƙasar baki ɗaya, 'ya'yan gidajen da suka fi talauci suna mutuwa fiye da ninki uku na 'ya'yan mawadata, kuma ɗan macen da ba ta shiga makaranta ba ya fi ɗan wadda ta yi karatu mai zurfi hatsari nesa ba kusa ba. Sauro dai ba ya tambayar wa ya yi makaranta. Bambancin yana wajen gidan sauro, da abin da ke cikin kwano, da ranar da aka isa asibiti.

Da yake gwajin jini ya nuna wajen rabin ƙananan yaran Kebbi suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓi, sai aka zaɓe ta tare da Bayelsa aka fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a watan Disamba 2024, shekara 70 bayan masu feshi sun fara shiga ɗakunan Birnin Kebbi. Allurar sau huɗu ake yin ta: yaro yana wata 5, da 6, da 7, sa'an nan in ya kai wata 15. Ga uwar da ke Gumbin Kure, wannan tafiya huɗu ke nan da goyo a baya, kuma sau da yawa wata a cikinsu takan faɗo tsakiyar damina.