gunki

gunkī̀ *sn., nmj.; jam.* gumā̀kā

1. Siffar da aka sassaƙa daga ice ko dutse, ko aka gina da yumɓu, ana bauta mata. *Mis.:* gunkin Tsumburbura, wanda Barbushe yake wa hidima a Dutsen Dala kafin Musulunci ya kafu a Kano.

2. Siffar mutum ko dabba ta siminti, ƙarfe ko tagulla, da ake kafawa a fili don ado ko tunawa da wani. *Mis.:* gumakan da ɗaliban zane da sassaƙa suka jera a lambun sashensu, Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. Ɗalibai sun sa an ɗauke gunkin Cecil Rhodes daga Jami'ar Cape Town (2015), an kuma cire na Gandhi daga Jami'ar Ghana, Legon (2018).

3. *(zambo)* Wanda ya ƙame, ba motsi ba magana. *Mis.:* an aike shi kasuwar Kurmi, ya tsaya bakin zaure kamar gunki.

*Har.:* bautar gumaka, shirka. Masassaƙin gumaka, mai yin su.

*Dub.:* mutum-mutumi, tsafi, sassaƙa.

*Lura:* a cikin birnin Kano kunne ya fi saurin kama ma'ana ta 1, shi ya sa mai ladabi kan ce *mutum-mutumi* in ta 2 yake nufi. Kanawa da suna suke tuna magabata, ba da gunki ba, a ƙofa, unguwa ko gini: Gidan Makama, Gidan Rumfa, ɗakin taro na Mahmud Tukur a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Ita kanta jami'ar sunan Sarki Abdullahi Bayero (1926–1953) ta ci.