Daga tandun kwalli zuwa man haɗi

A Adar ta da, kayan kwalliyar mace ba su cika faifai ba: lalle, man shanu, turaren wuta, sai tandun kwalli. Samun ciki ba ya sa ta ajiye ko ɗaya, don ana ganin abin da aka gada daga iyaye ba ya cutarwa. Lallen gargajiya kam ya ci wannan shaida. Kwalli ne da sauran magana, domin dutsen nan mai walƙiya da ake niƙawa galibi ma'adinin darma ne. Mace ta rambaɗa, ta gyara da yatsa, ta kai hannu baki. Darmar ta shiga jini, ta ratsa mabiyiya, ta taɓa ƙwaƙwalwar ɗa. Bayan haihuwa kuma a zizara wa jinjirin. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka sun sami darma a jinin jaririn wasu ƴan Najeriya, da aka auna kwallinsa sai ga darma fiye da kashi 80 cikin 100.

Daga baya hanya ta buɗe. Kaya suka riƙa shigowa Tawa daga Sakkwato ta Ƙonni, ƴan cin rani na Keita da Tamaske kuma suna dawowa daga Abijan da tsarabar sabulu da man shafawa. Cikinsu har da na bilicin, masu kortizon mai ƙarfi ko zaiba. Binciken da aka wallafa a 2007 kan masu juna biyu 99 a Dakar ya nuna kusan 7 cikin 10 na shafa irinsu, kuma masu shafa kortizon mai ƙarfi sun fi haifar jarirai marasa nauyi.

Hukumomi sun motsa: yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta taƙaita zaiba a kayan shafa, Kwaddibuwa ta haramta mayukan bilicin a 2015. Sai dai kasuwa ta riga doka. Yau man haɗi ake yayi, wanda ake cakuɗawa a gida, a ɗura a roba ba suna ba takarda, a tallata a WhatsApp. A ganina ya fi na kwali muni, don shi na kwali ko ba komai ana iya karanta abin da ke ciki.

Mai ciki, ranar awo ki saka mayukanki da kwallinki a jaka, ki nuna wa ungozoma.