Tsoka Ko Endofin? Sake Duba Yadda Motsa Jiki Ke Sauƙaƙa Ciwon Damuwa

Tsakure

Maƙalar nan na musanta ra'ayin da ya yi kaka-gida cewa sinadarin endofin ne sirrin sauƙin da mai ciwon damuwa ke samu in yana motsa jiki. Hujjojin da aka tattara sun fi karkata ga aikin da tsoka ke yi wa jini.

Bitar Ayyukan Baya

Akwai hujjojin da ke nuna cewa motsa jiki na taimakawa. A 1999, James Blumenthal na Jami'ar Duke a Amurka ya raba masu ciwon damuwa 156 gida uku: masu atisaye, masu shan maganin sataralin, da masu haɗa biyun. Bayan mako 16, duk rukunan sun samu sauƙi kusan bai ɗaya.

Inda gizo ke saƙa shi ne dalilin. 'Yan ɓangaren endofin sun manta cewa endofin ɗin da ake aunawa a jini da ƙyar yake ƙetare shingen da ke kare ƙwaƙwalwa. A 2021, ayarin Johannes Fuss a Hamburg ya sa mutum 63 gudu, aka ba wasunsu naltirezon, maganin da ke toshe hanyar endofin. Nishaɗin bayan gudun ya zo musu daidai da na sauran.

Hanyar Bincike

An kwatanta gwaje-gwajen da aka riga aka wallafa, na mutane da na dabbobi.

Sakamako

Idan damuwa ta daɗe, homon ɗin kotizol kan zaburar da hanta ta riƙa juya tiriftofan zuwa kainurenin. Shi kuwa kainurenin yana kutsawa ƙwaƙwalwa, an kuma danganta shi da kumburi da ciwon damuwa.

A 2014, ayarin Jorge Ruas a Cibiyar Karolinska ta Suwidin ya yi amfani da ɓerayen da tsokarsu ke ɗauke da furotin PGC-1α1 mai yawa, tamkar ta ɗan dambe da ya sha atisaye. Makonni biyar ana takura su da ƙara da walƙiyar fitila, ana birkita musu dare da rana. Ɓerayen gama-gari suka karaya, har suka rage sha'awar ruwan sukari, su ko masu horarriyar tsoka ko a jikinsu. Tsokarsu na juya kainurenin zuwa wani asid da ba ya iya shiga ƙwaƙwalwa, wato tana tace dafin tun yana cikin jini.

Iyakokin Bincike

Gaskiya ne ɓera ba mutum ba ne. Haka nan gwajin TREAD na 2012 a Ingila, mai mutum 361, bai ga ƙarin sauƙi daga shirin motsa jiki ba. Sai dai can shawara da ƙarfafa guiwa kawai aka bai wa mahalartan, ba a tsaya a kansu suna atisayen ba.