Wane Irin Hannun Jari Ya Dace da Manoman Shinkafar Kura da Bunkure?

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ya biyo magudanai zuwa Kadawa, Kura da Bunkure, shinkafa ta zama abin nomawa rani da damina. Sai dai riba mai tsoka tana wurin casa, injin zamani kuwa ya fi ƙarfin aljihun manomi guda. Dole a haɗa kuɗi, kuma in aka zaɓi kamfani maimakon ƙungiyar gama kai, irin hannun jarin da aka raba shi zai nuna mai ɗaukar asara da mai faɗa a ji.

Dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi cewa jarin da aka raba wa masu kamfani mai zaman kansa kada ya gaza naira 100,000. Amma rabawa daban, biya daban. Wanda aka rubuta wa hannun jari bai biya ba, bashi ne a wuyansa, kuma ranar da kamfani ya durƙushe za a nemi cikon. Wannan ya shafi manomi kai tsaye, domin kuɗinsa sai kaka.

Hannun jari mai fifiko, wanda ake fara sallamar mai shi da ƙayyadadden kaso, shi babban ɗan kasuwa zai fi so. A ganina bai dace da wannan yanki ba. Noma ba ya tafiya bai ɗaya: shekarar da magudanai suka cushe ko farashin shanshera ya karye, mai fifiko ne zai kwashe ɗan abin da aka samu, sauran su tashi a tutar babu. Ga kuma hukuncin musharaka a fiƙihu, inda ake raba riba bisa kason da aka amince, asara kuwa gwargwadon jarin kowa, ba a lamunce wa wani abokin tarayya adadi tsayayye.

Hannun jari na gama-gari ya fi kusa da wannan ƙa'ida, amma shi ma da nasa tarkon. A ƙungiyar gama kai kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi. A kamfani kuwa ƙuri'a tana bin yawan hannun jari ne. Attajiri ɗaya daga kasuwar Dawanau da ya mallaki fiye da rabi zai iya naɗa daraktoci, su kuma su yanka farashin da injin zai sayi shinkafar sauran. Don haka wajibi ne kundin kamfanin ya iyakance abin da mutum guda zai mallaka, ya kuma tanadi cewa mai son sayar da nasa ya fara yi wa abokan tarayyarsa tayi kafin bare.