Yekini Na Riƙe Da Raga, Maigidansa Na Hanyar Kurkuku

A wannan makon za mu koma 1993, lokacin da yawancinmu ba a haife mu ba.

Kafin Alhaji M.K.O. Abiola ya nemi ƙuri'ar kowa, masu kallon ƙwallo sun riga sun san shi. Ƙungiyarsa, Abiola Babes ta Abeokuta, ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 1985 da 1987, kuma a cikinta Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, ya taka leda kafin ya tafi Abijan. Ba mu ce ƙwallo ce ta ci masa zaɓen 12 ga Yuni, 1993 ba. Amma wanda ya kayar da Bashir Tofa a Kano, jihar Tofa ta haihuwa, ai ba a wata uku na kamfe ya gina wannan sunan ba.

Janar Babangida ya soke zaɓen, Janar Abacha ya karɓi mulki a Nuwamba. Sai ga shi ƙwallon da Abiola ya yi wa hidima ta zama rigar adon wanda ya hau kujerar. A Afrilun 1994 Super Eagles suka doke Zambiya 2-1 a Tunis, suka ɗauki kofin Afirka. Ranar 21 ga Yuni, a Amurka, Yekini ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar kofin duniya, ya shige raga ya riƙe ta yana ihu. Bayan kwana biyu aka kama Abiola a Legas. Ku dubi wannan tazarar ta kwana biyu da idon marubuci: matasa a Yelwa da Shanga da Wara sun kewaye rediyo suna murnar cin Bulgeriya uku da nema, a makon da aka rufe wanda suka sani da gatan 'yan wasa. Wa zai zarge su? Daɗin gaske ne. Sai dai gwamnati ma ta san daɗin gaske ne.

Wanda ya ba ka riga kuwa yana iya tuɓe ta. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba, 1995, Mandela ya fito ya caccaki Abacha. Gasar Afirka ta Janairun 1996 a ƙasar Mandela za a yi ta, sai gwamnati ta hana Eagles zuwa kare kofinsu, wai don tsaron lafiyarsu. Hukumar CAF ta hana Najeriya shiga ta 1998. Yekini, wanda ya fi kowa cin ƙwallaye a gasar 1992 da ta 1994, bai sake buga kofin Afirka ba.

Mu a nan bakin ruwa ƙaramin samfurinsa muke gani. Zaɓe na matsowa sai a sa kofi, a raba riguna da hoton ɗan takara a ƙirji, a gayyace shi wasan ƙarshe ya taɓa ƙwallon farko. Bayan rantsarwa rigar ta koɗe, masu shanyar albasa su karɓe filin.

Labaran soyayyarmu sun cika da 'yan siyasa, amma da wuya ka ga kyaftin ɗin ƙauye da aka ce ya kawo yaransa rumfar zaɓe kafin a biya su ladan gasa. Wanda ya san irin wannan kyaftin, muna jiran shafi biyu daga gare shi kafin Juma'a.